Wasiƙar Abraham Linkon Ga Mutanen Gundumar Sangamon: Sharhi A Kan Jigo Da Salo

Gabatarwa

Mu ɗaliban Hausa mun saba, da zarar an ce sharhi, sai hankalinmu ya tafi ga waƙa, ko ƙagaggen labari, ko wasan kwaikwayo. Amma akwai wani nau'i na rubutun zube da muke tsallakewa kullum, watau takardar da ɗan takara yake rubuta wa masu jefa ƙuri'a. Ita ma tana da jigo, tana da salo, tana da zubi da tsari kamar kowane rubutu. Har ma ta fi waƙa hatsari, domin wanda ya kasa fahimtar waƙa daɗi kurum ya rasa, amma wanda ya kasa fahimtar takardar ɗan takara ya miƙa wuƙa da nama ga mutumin da bai san nufinsa ba.

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba wata gajeriyar wasiƙa da Abraham Linkon ya rubuta daga ƙauyen New Salem ranar 13 ga watan Yuni, 1836, sa'ad da yake neman mutanen gundumar Sangamon ta jihar Ilinoi, a ƙasar Amurka, su sake zaɓensa a majalisar dokokin jiha. Ana yaba wasiƙar saboda gajartarta da sauƙin harshenta. A nawa ganin ta cancanci wannan yabo, amma ina so in nuna wa mai karatu cewa gajeren zance ma yana iya ɓoye abu kamar yadda dogo yake ɓoyewa, kuma kusan kowace jimla a cikin wasiƙar tana ɗauke da aƙida a gaba, da kafar fita a baya.

Marubucin Da Zamaninsa

An haifi Linkon a jihar Kentaki a 1809, a gidan talakawa manoma, kuma karatun da ya yi a makaranta duka-duka bai wuce shekara guda ba. Ya zauna a New Salem tun daga 1831. A can ya yi tsaron kanti, ya riƙe gidan waya, ya yi aikin safiyo, watau awon filaye. A 1832, yana da shekara 23, ya tsaya takarar majalisar jiha karo na farko, ya zo na takwas cikin mutum 13, alhali kujeru huɗu ake nema. Duk da haka, a mazaɓar ƙauyensu ya sami ƙuri'a 277 cikin 300. A 1834 ya sake tsayawa ya ci. Saboda haka a 1836 mutum ne mai shekara 27 wanda ya riga ya yi shekara biyu yana wakiltar jama'arsa a Vandalia, babban birnin jihar a wancan lokaci.

Dalilin rubuta wasiƙar shi ne, wasu mutane sun aika wa jaridar Sangamo Journal ta garin Springfield da takarda, suka sa hannu da sunan masu ƙuri'a da yawa, suna neman kowane ɗan takara ya bayyana matsayinsa. Sun yi amfani da wata magana ta 'yan karta, wadda ake yi in an ce kowa ya shimfiɗa abin da ke hannunsa a gani. Linkon ya amsa musu da irin harshensu: ya ce ya yarda, ga nasa hannun.

Zubi Da Tsari

Wasiƙar ba ta kai kalma 250 ba, kuma ana iya kasa ta gaɓa shida. Ta farko ita ce amsa kiran da aka yi. Ta biyu ta yi bayanin waɗanda yake ganin sun cancanci jefa ƙuri'a. A ta uku ya yi alkawarin ɗaukar dukkan mutanen Sangamon a matsayin jama'arsa, da wanda ya goya masa baya da wanda ya ƙi shi. A ta huɗu ya faɗi yadda zai yi wakilci. Ta biyar ta shafi kuɗin da gwamnatin tarayya take samu daga sayar da filaye. A ta shida ya ambaci mutumin da zai zaɓa a matsayin shugaban ƙasa.

Za a fi gane darajar wannan tsari in aka gwada shi da takardar da shi kansa ya rubuta wa mutanen gundumar a watan Maris, 1832. Waccan ta ninka wannan sau da yawa a tsawo. A cikinta ya yi dogon bayani a kan gyaran kogin Sangamon don jiragen ruwa su riƙa bi, ya kawo ƙiyasin dala 290,000 da aka yi na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ya taɓo maganar masu ba da bashi da ruwa mai yawa, da maganar ilimi, sa'an nan ya rufe da ƙanƙan da kai, yana cewa shi yaro ne, ɗan talakawa, ba shi da dangi masu arziki da za su tsaya masa, kuma in ya faɗi ba zai damu ƙwarai ba tun da ya saba da rashin samu. Muryar baƙo ce mai neman a buɗe masa ƙofa. Ta 1836 kuwa muryar ɗan gida ce, wanda ya san an san shi, don haka babu gabatar da kai, babu roƙo. Abin mamaki ma, daga farkon wasiƙar har ƙarshenta babu inda ya ce a jefa masa ƙuri'a.

Jigo Da Warwararsa

Babban jigon wasiƙar shi ne wakilci: wa ya cancanci ya zaɓa, kuma me wanda aka zaɓa zai yi wa waɗanda suka zaɓe shi. Bari mu bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, mu auna kowace da abin da ke faruwa a zamanin.

Gaɓa ta biyu ta fara da aƙida mai faɗi: duk wanda yake taimakawa wajen ɗaukar nauyin gwamnati ya kamata ya ci moriyarta. Sai jimla ta gaba ta zo da kalma mai ma'anar "saboda haka", ta ce a ba dukkan fararen fata da suke biyan haraji ko suke ɗaukar makami damar yin zaɓe. A nan ne ya kamata mai sharhi ya dakata. Kalmar "saboda haka" gada ce, aikinta ta nuna cewa magana ta biyu daga ta farko ta fito. To, amma a jimlar farko babu launin fata ko kaɗan. An shigo da shi ne a tsakiyar gada, cikin ruwan sanyi, har mai karatu ya haye bai lura an rage kayan ba. Baƙar fatar da ke zaune a Ilinoi da 'yancinsa, wanda yake noma yana biyan abin da aka ɗora masa, jimlar farko ta rungume shi, ta biyu ta ture shi waje.

Ruwa ba ya tsami banza. A wannan shekara Martin Van Buren ne ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Dimokurat, kuma abokan adawarsa na jam'iyyar Wig, waɗanda Linkon yake cikinsu, suna yi masa gorin cewa a 1821, wajen gyaran tsarin mulkin jihar Niyok, ya yarda a bar baƙar fata mai dukiyar dala 250 ya yi zaɓe. Ke nan kalmar "fararen fata" tana aiki biyu: ta kwantar da hankalin masu ƙuri'ar Sangamon, ta kuma zama habaici ga abokin hamayya ba tare da an kama sunansa ba. Daɗin daɗawa, tsarin mulkin Ilinoi na 1818 ya riga ya ba kowane namiji farar fata mai shekara 21, wanda ya yi wata shida a jihar, damar yin zaɓe, ba tare da sharaɗin haraji ko makami ba. Ashe ta ɓangaren maza, jimlar da ta yi kama da kyauta ragi ce a kan abin da doka ta riga ta bayar.

A ƙarshen wannan jimla ne ya saka wasu 'yan kalmomi cikin baka biyu, inda ya ce bai cire mata ba. Wannan ita ce gaɓar da ta fi shahara, domin ya rubuta ta shekara 12 kafin taron neman haƙƙin mata na Seneca Falls da aka yi a 1848, kuma sai a 1920 tsarin mulkin Amurka ya ba mata damar zaɓe a duk ƙasar. Wasu sun ɗauke ta hangen nesa, wasu masana tarihi kuma sun ɗauke ta barkwanci. Ni dai abin da na lura shi ne wurin da aka ajiye ta. Baka biyu wuri ne na maganar da za a iya cirewa jimla ba ta rushe ba. Har ila yau, sharaɗin haraji da makami yana nan a kanta, alhali a dokar wancan zamani dukiyar matar aure tana ƙarƙashin mijinta, kuma ba a ɗaukar mata soja. Sai gwauruwa ko wadda ba ta yi aure ba, in tana da dukiya, za ta iya shiga ta wannan ƙofa. An buɗe ƙofar kam, amma ƙunƙuntarta ta isa.

Gaɓa ta uku ita ce ta fi burge ni, kuma sai an san yadda ake zaɓe a lokacin za a gane nauyinta. A Ilinoi ta wancan zamani da baki ake jefa ƙuri'a: mutum ya zo gaban malaman zaɓe, ya faɗi wanda yake so a bainar jama'a, a rubuta a littafi tare da sunansa. Don haka wanda ya ci zaɓe ya san ɗaya bayan ɗaya waɗanda suka ƙi shi. Manomin da ya zaɓi wani yana da dalilin jin tsoron ranar da zai kai kukansa. In ɗan takara ya ce a irin wannan hali mai ƙinsa ma nasa ne, to, ya taɓa ainihin abin da ke damun mutane. A wannan gaɓa ban ga kafar fita ba.

Gaɓa ta huɗu ta ɗauko tsohuwar muhawara: shin wakili ɗan aike ne, ko kuwa amintacce ne da aka bar wa hukunci? Linkon ya ce zai bi ra'ayin jama'arsa a duk abin da yake da hanyar sanin ra'ayinsu a kai, sauran al'amura kuwa zai yi abin da hankalinsa ya nuna masa ya fi amfaninsu. Da jin farko magana ce ta adalci. To, amma wa zai yanke hukuncin cewa ga abin da aka san ra'ayin jama'a a kansa, ga wanda ba a sani ba? Shi ne da kansa. A zamanin da Vandalia take tafiyar kwanaki a kan doki, kuma dokoki suna zuwa gaban majalisa da yawa a kowane zama, kashi na biyu zai haɗiye na farko. Ya ba jama'a rabin farko na jimlar su ji daɗi, ya riƙe rabi na biyu wanda da shi ake aiki.

Gaɓa ta biyar ita ce tarihi ya fi yi wa hukunci mai tsanani. Ya ce yana goyon bayan a raba wa jihohi kuɗin sayar da filayen gwamnatin tarayya, domin Ilinoi ta haƙa hanyoyin ruwa ta shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa ba tare da cin bashi da biyan ruwa ba. An yi zaɓe ranar 1 ga watan Agusta, 1836, ya zo na ɗaya cikin 'yan takarar majalisar wakilai na gundumar. Shi da abokansa takwas daga Sangamon, waɗanda aka yi wa laƙabi da dogaye tara saboda tsawonsu, suka yi ƙoƙari har majalisa ta amince a mayar da babban birnin jiha Springfield a watan Fabrairu, 1837. A wannan watan kuma majalisar ta zartar da dokar manyan ayyuka ta kimanin dala miliyan 10, da nufin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wajen mil 1,300, kuma Linkon yana cikin masu goyon baya. Da me za a yi aikin? Da bashi. Bayan 'yan watanni tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aikin ya tsaya, daga baya jihar ta kasa biyan ruwan bashinta, alhali mutanenta a ƙidayar 1840 ba su kai rabin miliyan ba. Abin da aka samu na hanyar jirgi bai wuce guntu ɗaya ba, daga Meredosia zuwa Springfield, wanda bai kai mil 60 ba.

Shin ya karya alkawari? In aka bi lafazin jimlar, bai karya ba, domin bai taɓa cewa ba zai yarda a ci bashi ba. Abin da ya ce shi ne yana son wata hanya da za ta sa ba sai an ci ba, ita kuwa hanyar tana hannun majalisar tarayya, inda ba shi da kujera. Amma manomin da ya karanta jaridar, abin da zai zauna masa a rai shi ne hanya ba bashi. Tazarar da ke tsakanin abin da jimla ta ce da abin da ta sa aka ji, a nan ne gwanintar marubucin take, a nan ne kuma laifinsa yake.

Salo Da Sarrafa Harshe

Harshen wasiƙar na kasuwa ne, ba ado, ba kalmomin lauyoyi. Sau uku ya maimaita wata gajeriyar magana mai ma'anar "ina goyon bayan", wadda take aiki kamar amshi a waƙa, tana riƙe gaɓoɓin wuri guda. Akwai kuma sharuɗɗa uku da suka zo bi da bi: in an zaɓe shi, sa'an nan ko an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba, daga ƙarshe in yana raye. Kowane ya fi na bayansa nisa da kujerar da ake nema. Tasirin wannan hawa shi ne mai karatu ya ji cewa ra'ayin mutumin nan bai dogara ga samun muƙami ba, mutuwa kaɗai za ta raba shi da shi.

Jimlar ƙarshe ita ce mafi ƙarfi ta fuskar salo, domin tana da suna da rana: zai zaɓi Hugh White, sanatan Tenesi, a Litinin ta farko ta watan Nuwamba. Magana ce da kowa zai iya bincikawa, tun da a fili ake zaɓe. White bai ci ba, Van Buren ne ya zama shugaba. Amma ajiye jimlar a ƙarshe dabara ce, domin tabbacinta yana komawa baya ya lulluɓe jimlolin da ba su da irin wannan tabbaci. Mai karatu yana ajiye jaridar yana cewa, wannan mutum ba shi da ɓoye-ɓoye.

In muka kwatanta da namu adabin, kirari yana gina mutum ta hanyar zuga: ni ne kaza, ɗan wane, jikan wane. Wasiƙar Linkon ta bi kishiyar wannan hanya, babu kalmar yabon kai ko ɗaya. Duk da haka ƙarshensu ɗaya ne, domin rashin zugar shi kansa yana cewa: ga mutumin da ba ya bukatar maroƙi.

Abin Da Wasiƙar Ba Ta Faɗa Ba

Babban aibin wasiƙar a wurina shi ne shirun da ta yi. Mai neman a sake zaɓensa ya bambanta da sabon ɗan takara da abu guda: yana da baya. An ba shi amana, ya kamata ya zo da lissafi. Linkon ya halarci zaman majalisa biyu a wa'adinsa na farko, amma babu kalma ɗaya a kan abin da ya yi a can. Dukkan aikatau ɗin wasiƙar na yanzu ne da na gaba.

A nan yana da kyau a tuna da Edmund Burke, wakilin birnin Biristol a majalisar Ingila. Tun ranar da aka zaɓe shi a 1774 ya gaya wa jama'arsa ƙarara cewa wakili yana bin hankalinsa ne, ba umurninsu ba. Da ya dawo neman a sake zaɓensa a watan Satumba, 1780, ya tsaya gabansu ya amsa zargi huɗu da ake yi masa: rashin ziyartarsu, goyon bayan sassauta wa cinikin ƙasar Ayilan, sassauta wa waɗanda aka ɗaure saboda bashi, da sassauta wa mabiya ɗariƙar Katolika. Bai janye ko ɗaya ba. Bayan 'yan kwanaki ya ga ba zai ci ba, ya fasa takarar. Ga wanda ya kawo lissafi ya rasa kujera, ga wanda bai kawo ba ya zo na ɗaya. Wannan sakamako ya fi zama hukunci a kan masu karatu fiye da marubutan biyu, domin ɗan takara yana rubuta irin abin da ya ga ana saka masa a kai.

Kammalawa

Adalci ya sa a ƙara abu ɗaya. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma aƙidar da Linkon ya zaro a 1836 ba ta koma ba. Ya daɗe yana riƙe da iyakar da ya sa mata. Ko a 1858, a muhawararsa da Stephen Douglas a garin Charleston na Ilinoi, ya ce ba ya goyon bayan baƙar fata su yi zaɓe. Amma a yaƙin basasar Amurka baƙar fata kimanin 180,000 suka shiga sojan gwamnatin tarayya. Ranar 11 ga watan Afrilu, 1865, a jawabinsa na ƙarshe, yana shugaban ƙasa, ya ce zai so a ba masu ilimi daga cikinsu, da waɗanda suka yi aikin soja, damar zaɓe. Sharaɗin ɗaukar makami da ya rubuta yana saurayi shi ne ya dawo ya karya kalmar da ya saka kusa da shi. John Wilkes Booth yana cikin masu sauraro a daren, kuma bayan kwana uku ya harbe shi. A 1870 aka gyara tsarin mulki aka hana tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa.

Hukuncina a taƙaice shi ne, ta fuskar tsari da harshe wasiƙar abar koyi ce, ta fuskar cika haƙƙin mai neman a sake zaɓensa kuwa ta gaza. Darajarta ta gaskiya ita ce ta rubuta aƙida a fili, yadda za a iya kama marubucin da ita ko bayan shekara 29. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu riƙa yi wa irin waɗannan takardu karatun da muke yi wa baitin waƙa: mu tsaya a kan kowace "saboda haka", mu leƙa cikin kowace baka biyu, mu tambayi abin da aka yi shiru a kansa. Ina kuma fatan malamanmu za su ba wannan nau'i na zube gurbi a darasin nazari, domin alkawari kaya ne, kuma sai wanda ya iya karatu yake sanin nauyin abin da aka ɗauka da sunansa.